Gwajin amsar ƙwaƙwalwa ga sauti: me zai nuna game da jin dattijo da na'urar kunnensa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 71. Jinsa ya daɗe yana raguwa, sai kuma bara ya samu shanyewar ɓarin jiki ta gefen dama, maganarsa ta sarƙe. Da muka kai shi gwajin ji an ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙara, amma amsarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Mun saya masa na'urar ƙara ji, ba mu ga wani canji ba. Yanzu likita ya ce a yi masa gwajin da ake manna wayoyi a kai. Shin zai nuna iyakar jinsa? Kuma zai nuna ko na'urar tana yi masa aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Shawarar likitan tana kan hanya, domin mutum irin Baba, wanda ba zai iya ba da amsar da za a dogara da ita ba, shi aka tanadar wa wannan gwaji. Sai dai gwajin manna wayoyi a kai ba iri ɗaya ba ne, kowanne da tambayar da yake amsawa. Kuma dukkansu abu ɗaya suke iya shaidawa: sauti ya isa wani zango a hanyarsa ta zuwa ƙwaƙwalwa. Ko Baba ya gane abin da aka faɗa, wannan wata magana ce daban, kuma a halin da yake ciki ita ce babba.

Idan sauti ya shiga kunne, dodon kunne ya kaɗa, 'yan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar cikin katantanwar kunne, a can ake mayar da ita saƙon lantarki. Saƙon ya bi jijiyar ji, ya ratsa gindin ƙwaƙwalwa, ya hau samanta ta sashen da ke daura da kunne. A kowane zango jijiyoyi suna fitar da 'yar wuta kaɗan, ita ce wayoyin da aka manna suke tsintowa ta fatar kai. A gaya wa Baba tun a gida cewa wayoyin saurare kawai suke yi, ba sa sa masa wuta, ba allura, ba ciwo. Dattijon da ya shiga ɗakin a tsorace zai ɗaure wuya da muƙamuƙi, kuma wannan kaɗai ya isa ya lalata gwajin.

Dalilin haka shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Amsar gindin ƙwaƙwalwa kuwa wajen rabin maikurobolt ce, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. Harkokin ƙwaƙwalwa na yau da kullum sun ninka ta sau gommai, ƙifta ido ɗaya ya ninka ta sau ɗaruruwa. Shi ya sa ake maimaita sautin, kwamfuta tana tara abin da ya biyo bayan kowane bugu tana fitar da matsakaici. Abin da ke zuwa daidai lokaci ɗaya bayan kowane sauti yana tsayawa, hayaniyar da ba ruwanta da sautin tana cinye juna. Lissafin yana da tsada: in ana so a rage hayaniya da rabi, sai an ninka yawan maimaicin sau huɗu. Mara lafiya mai nutsuwa ya fi kowace irin na'ura mai tsada amfani.

Gwajin da aka fi sani shi ne na amsar gindin ƙwaƙwalwa, da ake rubutawa ABR, wanda masana Jewett da Williston suka bayyana a Amurka a 1971. Yana duba abin da ke faruwa cikin milisakan 10 na farko bayan sauti, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na sakan. Ana buga ɗan sauti mai kama da "ƙyas" sau 1000 zuwa 2000, sai 'yan tuddai biyar su fito a allo. In sautin yana da ƙarfi, na ɗaya yana fitowa wajen milisakan 1.6, na uku wajen 3.7, na biyar wajen 5.6. Tazarar na ɗaya zuwa na biyar kusan milisakan 4 ce; idan ta wuce 4.4, ko na biyar a kunne ɗaya ya makara sosai a kan ɗayan, ana zargin wani abu yana danne jijiyar ji, sai a tura mutum hoton MRI, mai nuna cikin kai. Hoton ne mai yanke hukunci, domin ABR yana iya tsallake ƙari ƙarami wanda bai kai santimita ɗaya ba. Barci ba ya taɓa wannan amsa, har ma an fi so mutum ya yi barcin, shi ya sa ya dace da jarirai.

Ga babba mai neman a san iyakar jinsa, ABR na "ƙyas" yana da giɓi babba. Yawancin abin da yake nunawa jin siraran sautuka ne, tsakanin Hz 2000 da 4000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya; yawansa shi ne sirantar sauti, ƙarancinsa kauri). Tsufa da ƙarar injin niƙa ko janareta kuwa nan suke fara ci. Saboda haka za a iya buga sautin har ƙarshen ƙarfin na'ura ba a ga komai ba, a rubuta wa iyali cewa kunnen ya mutu, alhali mutumin yana da sauran ji mai amfani a Hz 250 da 500. Wannan kuskure ne mai cutarwa, don yana sa a fid da rai ga kunnen da na'ura za ta iya taimaka wa. In ABR ɗin ne kaɗai ake da shi, a nemi a yi shi da gajerun sautuka masu amo daban-daban, aƙalla 500 da 1000 da 2000 da 4000, kada a tsaya a "ƙyas" kawai.

Wanda ya fi dacewa da manya shi ne gwajin amsar saman ƙwaƙwalwa, da ake rubutawa CAEP, wasu su rubuta CERA. Ya ma girmi ABR, tun 1939 Pauline Davis ta ga wannan amsa a mutanen da suke farke. Siffarta ɗan tudu wajen milisakan 50, sai kwari mai zurfi wajen 100, sai babban tudu tsakanin 160 da 200, ana kiran su P1 da N1 da P2. Tsayin da ke tsakanin kwarin da tudun ake aunawa, kuma yakan kai maikurobolt 5 zuwa 10 ko fiye in sautin ya ɗara iyakar jin mutum sosai. Tunda ya fi na ABR girma nesa ba kusa ba, maimaici 'yan gommai sun isa. Ana kuma amfani da sauti mai ɗan tsawo, wanda yake tashi cikin milisakan 10 zuwa 20, ya tsaya kamar 60, ya sauka, don haka amonsa a tsabtace yake kusan kamar na gwajin ɗaga hannu. Ana buga shi sau ɗaya duk sakan ɗaya ko biyu. In aka matsa bugun kusa da kusa, ƙwaƙwalwa ta saba da shi, amsar ta shanye.

Yadda ake neman iyakar: a fara a desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a amo ɗaya, misali Hz 1000. In amsa ta fito a sauka da 20, in ba ta fito ba a hau da 20, sannan a rage taku zuwa 10 ko 5 har a kai ƙaramin ƙarfin da amsar ke maimaita kanta. Ana kusantar iyakar, tudun yana raguwa, kwarin yana makara har wajen milisakan 150 ko fiye. Kowane mataki a ɗauke shi aƙalla sau biyu a ɗora layukan kan juna. A ƙa'idar da masana ji na Birtaniya suke bi, sai tsayin amsar ya ninka ragowar hayaniya sau biyu da rabi ake kiran ta tabbatacciya. Hukunci kuwa uku ne: akwai amsa, babu amsa, ko ba a tantance ba. Ba a cewa "babu" sai layin ya kwanta lafiya; in hayaniya ta cika shi, hukunci na uku ne, kuma ma'aikaci mai gaskiya haka zai rubuta. Wani bincike da Lightfoot da Kennedy suka buga daga Libaful a 2006 ya nuna iyakar da wannan gwaji ke bayarwa ta ɗara ta ainihi da desibel 6.5 a matsakaici, kuma bayan an cire wannan, kashi 94 cikin 100 na ƙiyasin suna cikin desibel 15 daga gaskiya. Wannan ya isa a saita na'urar ji. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake dogara da shi a Ingila wajen shari'ar ma'aikatan masana'antu masu neman diyyar kurumta, tunda mutum ba ya iya hana ƙwaƙwalwarsa amsawa.

Sharaɗinsa ɗaya mai wuya: dole Baba ya kasance a farke, idonsa buɗe, jikinsa a sake. Da gyangyaɗi ya fara, siffar amsar ta canja ko ta ɓace. In ya rufe ido yana farke ma akwai matsala, domin ƙwaƙwalwa tana fara wani kaɗi mai bugawa sau 8 zuwa 13 a sakan, wanda yake kama da tuddan da ake nema har ya rufe su. Don haka ake ba mutum abin karantawa ko a kunna masa bidiyo ba murya. Ku nemi lokacin safe, bayan ya yi barcin dare ya karya kumallo, kada a sa shi bayan azahar da ciki cike. Ku kai duk magungunan da yake sha a gani, musamman masu sa barci, amma kada a dakatar da ko ɗaya ba da izinin likitansa ba.

Akwai na uku, ASSR, wanda ake buga sauti mai rawa, kwamfuta ta duba ko ƙwaƙwalwa tana bin rawar. Mai rawa sau 40 a sakan ya fi kyau ga babba a farke, mai sau 80 zuwa 90 ga mai barci. Yana iya gwada amo huɗu a kunne biyu lokaci guda, sai dai a ƙarfi mai yawa sosai yakan ba da amsar ƙarya, don haka ba a rataya hukunci a kansa shi kaɗai.

Kafin a manna waya ko ɗaya, a leƙa kunnen da fitila, a kuma auna motsin dodon kunne. Dauɗar da ta toshe rami ko ruwa a bayan dodon kunne suna rage ƙarfin duk sautin da aka aika, sai gwaji ya nuna kurumtar da wankin kunne ko magani zai kawar. Daga nan Baba zai cire hula. Ma'aikaci zai raba gashin tsakar kai, ya goge wurin da auduga da wani man goge fata mai ɗan tsakuwa-tsakuwa har fatar ta ɗan yi ja, haka a ƙashin bayan kunne da goshi, sannan ya manna 'yan faifan. Na'ura za ta nuna yadda kowanne ya kama, da ma'aunin kilo'om mai auna yadda fata ke tare lantarki: ana son ƙasa da kilo'om 5, kuma kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 2. A nan man shafawa yake ɓata aiki. Basilin ko man kaɗanya a goshi da kai suna hana faifan kamawa, busasshiyar fatar hunturu ma haka. A wanke kai da sabulu a daren da za a wayi gari a yi gwajin, kada a shafa komai da safe. In mace ce, a bar tsagar kitso a tsakar kai, kuma tana da damar neman mace ta manna mata. Da zafin bazara kuma gumi ne abokin gaba, yana sa layin ya riƙa hawa da sauka a hankali, daidai inda amsar saman ƙwaƙwalwa take zaune.

Wutar ɗakin ma tana da nata. Lantarkin Nijeriya da Nijar yana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma in soket ba shi da wayar da aka binne a ƙasa, wadda masu gyaran wuta suke kira atin, wannan kaɗin yana shiga wayoyin ya cika allo da haƙora. Janareta da inbata da cajar waya da dogon ƙwan fitila duk suna ƙarawa. Maganinsa atin na gaske, kashe wayoyin hannu, kitse wayoyin faifan wuri ɗaya, da nisanta su daga wayar abin sauraro. ABR ya fi shan wahalar wannan, domin a gwajin saman ƙwaƙwalwa ana tace duk abin da ya wuce Hz 15 ko 30. Wani kuskuren kuma shi ne mantawa da ɗayan kunnen. Idan kunne ɗaya ya fi ɗaya ji sosai, sauti mai ƙarfi yana ratsa ƙashin kai ya isa mai lafiyar, ƙwaƙwalwa ta amsa, a ɗauka mara lafiyar ne ya ji. Da abin sauraro mai rufe kunne hakan na iya farawa daga bambancin desibel 40, da mai shiga cikin rami wajen 55. Dole a shagaltar da kunne mai lafiyar da ƙarar "shuu" yayin da ake gwada ɗayan.

Yanzu batun na'urar. ABR ba ya yiwuwa da na'ura a kunne ta hanyar da za a amince da ita: sautin "ƙyas" kashi ɗaya ne cikin 10 na milisakan, na'urorin zamani kuwa suna jinkirta sauti da milisakan kaɗan, suna kuma murɗa gajeren sauti irin wannan. Gwajin saman ƙwaƙwalwa ne yake karɓar wannan aiki. Cibiyar binciken ji ta Ostareliya, NAL, ta ƙera wata na'ura mai suna HEARLab domin haka. Ana zaunar da mutum mita ɗaya daga lasifika, a buga gutsattsarin magana: "m" mai kauri wajen Hz 250, "g" wajen 1250, "t" wajen 3250, a ƙarfin desibel 55 da 65 da 75, wato magana a hankali, ta yau da kullum, da mai ƙarfi. A yi ba na'ura, a sake yi da ita, kunne ɗaya bayan ɗaya. Idan "t" a 65 bai ba da amsa ba sai da aka sa na'ura, an samu shaida mai ƙarfi cewa na'urar ta kai wannan sautin ƙwaƙwalwa. Idan "m" ya fito amma "t" ya ƙi ko da na'urar, a koma a duba ƙarfin da aka ba siraran sautuka. Wannan yana da muhimmanci ga mai jin Hausa: hawa da saukar murya da wasula a sautuka masu kauri suke, don haka dattijo yana jin kiɗan maganar, amma "s" da "sh" da "ts" da "f" sun zube masa, "saya" da "tsaya" sun zama ɗaya. Shi ne ake jin su suna cewa "ina ji, ba na ganewa ne".

Amma kada a ɗora wa gwajin abin da ba zai iya ɗauka ba. Fitowar amsa shaida ce mai ƙarfi, rashin fitowarta shaida ce mai rauni. Sautin da bai ɗara iyakar jin mutum da desibel 10 ba sau da yawa ba ya ba da amsar da za a gani, ko da mutumin yana jin sa. Ma'aikacin da ya riƙa ƙara wa na'ura ƙarfi don kawai ya ga tudu a allo zai iya kai ta inda za ta dami kunne, dattijo ya cire ta ya sa a aljihu. Girman tudun ma ba ma'aunin ƙarfin na'ura ba ne. Billings da abokan aikinsa a Amurka sun nuna a 2007 cewa ƙarin desibel 20 daga na'urar ji bai ƙara girman amsar yadda aka zata ba a masu lafiyar kunne, kuma binciken da ya biyo baya ya danganta hakan da cewa na'ura tana ɗaga hayaniya tare da sautin, ƙwaƙwalwa kuwa fifikon sauti a kan hayaniya take bi. Ga kuma dabarun da ke cikin na'urar: mai rage hayaniya yana iya ɗaukar sautin da ake ta maimaitawa a matsayin hayaniya ya danne shi. Ma'aikaci ya san saitin da na'urar take kai lokacin gwaji, ya rubuta shi.

Saboda haka tsarin da ya dace ga Baba shi ne a fara samo iyakar jinsa a kowane kunne ba na'ura. A shigar da waɗannan alkaluma kwamfuta a saita na'urar bisa ƙa'idar saiti irin NAL-NL2. Sannan a yi awon cikin kunne: a zura siririn bututu mai laushi har kusan milimita 5 daga dodon kunne, a sa na'urar a kansa, a kunna magana, a ga ko abin da ke isa wurin yana cikin desibel 5 daga abin da ƙa'idar ta nema. Wannan awo na 'yan mintoci shi ne ainihin mai tabbatar da saiti, gwajin ƙwaƙwalwa da na'ura bayansa yake zuwa. In na'urar da kuka saya ta kanti ce wadda ba a saita ta da kwamfuta, mai ɗaga kowane sauti daidai wa daida, to wataƙila nan matsalar take, don irinta tana ƙara kaurin da Baba yake ji dama, ta bar siraran da ya rasa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka, Malam, shi ne gefen da ya shanye. Shanyewar dama tana nufin ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda harshe yake zaune ga mafi yawan mutane. Saƙon kowane kunne yana zuwa ɓangarorin biyu, don haka shanyewar gefe ɗaya ba kasafai take kurumtar da kunne ba, amma tana iya lalata fahimtar magana. Mutum ya ji sallama sarai, ya juyo, amma kalmomin su zame masa kamar baƙon yare. Idan gwaji ya nuna amsa mai kyau ga "m" da "g" da "t" da na'ura a kunne, Baba kuma bai fi da ganewa ba, kada a ce gwajin ya yi ƙarya ko na'urar ta lalace. Alama ce cewa a nemi mai koyar da magana bayan shanyewar jiki ya auna fahimtarsa, tare da likitan ƙwaƙwalwa. Na'urar tana nan da amfaninta ko a hakan, domin ƙwaƙwalwar da ke fama da harshe ba ta bukatar ƙarin wahalar sauti mara ƙarfi. A gaya wa mai gwajin gefen da ciwon ya taɓa, a kai masa hoton kan in akwai, tunda rauni a wannan sashe yana iya rage amsar ko ya jinkirta ta.

Ana samun sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kafin ku ɗauki Baba a mota, ku tambaya da suna wane gwaji suke yi, ABR na "ƙyas" kawai ko mai amo daban-daban, ko CAEP, kuma ko suna awon cikin kunne. Ku ware kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ku tafi da na'urar da sabon batiri, da tabaransa in yana sawa don ya iya kallon allon, da wanda ya fi sabawa da shi ya zauna inda zai gan shi. In an gama, ku karɓi takardar da ke nuna iyakar kowane kunne a kowane amo, da hoton layukan kansu, da bayanin ko an shagaltar da ɗayan kunnen, domin duk wanda zai saita na'urar daga baya da waɗannan zai yi aiki.